Baba da Kwalaben Mamaled na Ƙarshe

Arbroath,
Farkon Fabrairu.

Zuwa ga Yayata Ailsa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gidanki. Ina fata takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Hamish da yara, ina kuma roƙon Allah ya ba ki sauƙin ciwon bayan nan da kike fama da shi tun bara. Na san ku can New Zealand yanzu rani kuke ciki, kuna zaune a bakin teku kuna ƙorafin zafi. Don Allah idan za ki ba ni amsa kada ki ambaci rana. Mu nan tun Kirsimeti ba mu gan ta ba sai a talabijin. Kullum yayyafi ne, irin siririn nan da ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya, sai dai ya bi shi a hankali har cikin ƙashi.

Kowa lafiya daidai gwargwado. 'Yata Iona ta sake faɗuwa jarrabawar tuƙi, ta ce mai jarrabawar ne ba ya son fuskarta, ni kuma da na taɓa zama a gefenta tana tuƙi na yi shiru. Goggo Bunty an yi mata aikin ido, yanzu tana gani tar, abin da ya sa ta gano cewa labulen ɗakinta sun tsufa, mu ma mun tsufa, kuma ba ta bar kowa cikin duhu ba. Ni kuwa ina nan yadda kika san ni, ina koyar da tarihi a jami'a ga yaran da ke ganin duk abin da ya faru kafin a haife su a zamani ɗaya ya faru. Daga kicin ɗin Baba nake rubuto miki, a kan teburin nan mai gurguwar ƙafa, kuma na ɗauki biro da takarda ne saboda waya ta ishe ni. Mu ukun nan, ni da ke da ƙaninmu, mun shafe makonni muna magana a waya a kan Baba, ban ga abin da ta gyara ba.

Kin riga kin ji labarin daga bakin autanmu Torquil, amma bari in maimaita miki shi ba tare da muryar lauyan nan da yake sakawa ba. Ya zo duba Baba wata Lahadi da yamma, ya shiga kicin ya tarar da shi yana tsiyaya giyar jin a cikin kwalbar mamaled, dafaffen lemo da sukarin nan da ake shafa wa burodi. Baba ya rufe kwalbar, ya ɗaga ta kusa da kunnensa yana girgizawa, idonsa a lumshe. Torquil bai ce masa komai ba. Kin san gidanmu, ba a tambayar mutum abin da yake yi, ko da kuwa wuta ce ta kama rigarsa, sai dai a ce masa yau kamar da ɗan ɗumi. Ya yi wa Baba hirar cunkoson motoci, ya sha shayi, ya koma cikin motarsa, sannan ya kira ni ya ce kan Baba ya fara juyewa. Ya haɗa da faɗuwar da Baba ya yi a matattakala kafin Kirsimeti, da cewa ya buɗe firij bai ga komai ba sai man shanu da lemon tsami, ya yanke hukunci shi kaɗai: a kai Baba gidan kula da tsofaffi da ke kan tudu, a sayar da gidan nan. Kafin mu farga har ya nemi ƙaramar hukuma ta turo ma'aikaciyar jinya ta auna hankalin Baba, ta faɗa ko zai iya ci gaba da zama shi kaɗai. Matarsa Philippa kuwa ta turo mini hotunan wurin, da kujeru masu launin kunu jere suna kallon teku.

Sai na ɗauki hutu daga aiki, na hau jirgin ƙasa da fushina a shirye. Ba zan ɓoye miki ba, rabin fushin don Baba ne, rabin kuma don daɗin da nake ji tun muna yara idan na nuna wa Torquil bai san abin da yake faɗa ba. Na yi niyyar ba mai fitar da Baba daga gidan da ya yi shekara hamsin da wani abu a ciki saboda kawai wani lauya ya ga abin da bai gane ba.

Na same shi ya ɗan rame, amma ya yi aski, ya ɗaura taye a wuya kamar har yanzu yana da ajin lissafi da ke jiran sa. Ya tambaye ni ko jirgin ya makara, ya kuma ji daɗi da na ce ya makara. Gidan tsaf yake. Abin da babu shi ne ƙamshin nan. Yanzu ne fa lokacin da lemon nan mai ɗaci na ƙasar Sifen ke shigowa kantuna na 'yan makonni, kin kuma tuna yadda Mama ke cika gidan da tururi har tagogi su yi ta zufa, mu muna yanka ɓawo sirara har yatsunmu su yi raɗaɗi, ita kuma tana ɗaure 'ya'yan lemon a ƙyalle ta jefa cikin tukunya, tana ɗiga dahuwar a kan faranti mai sanyi ta tura da yatsa ta ga ko ta kama. Wannan ne sanyi na biyu da ba a dafa mamaled a gidan nan ba. Na buɗe kabad ɗin ƙarƙashin matattakala na ga abin da ya saura daga dahuwarta ta ƙarshe, wadda ta yi 'yan watanni kafin ta rasu. Kin san yadda take dafawa kamar an ce mata za a yi yaƙi, ranar jana'izarta kabad ɗin cike yake har baki. Yanzu abin da ya rage bai cika layi ɗaya ba.

Dalilin raguwar ban sha wahalar gano shi ba. Mutumin da duk rayuwarsa yake shafa mamaled a burodi siriri har kina iya karanta jarida ta cikinsa, wanda yake hararar mu idan muka mayar da wuƙa cikin kwalba karo na biyu, yanzu lafta shi yake yi kamar mai yaɓen bango. Da safe, da rana, wani lokacin har da yamma. Na ce a raina to a nan Torquil ya ɗan samu abin kamawa. Na shiga kasuwa na sayo kifi da dankali na yi masa miya. Ya cinye, ya gode mini cikin ladabi, sannan ya tashi ya gasa burodi ya ɗora a kai.

Bayan 'yan kwanaki kwalbar da ke kan tebur ta ƙare, irin ƙarewar da wuƙa ke ta ƙara a ciki ba ta fito da komai. Na ɗauka zan wanke, ya ce in ajiye masa. Da yamma, bayan an gama labaran rediyo, ya tashi ya wanke hannu kamar likitan da zai shiga tiyata, ya ce in zauna in daina tsaya masa a haske. Ya ɗauko tsohon kofin cin ƙwan nan mai tsaga a baki, ya auna jin da shi, cikin kofi ɗaya nasa, ɗaya nawa, da ɗan ƙari wai saboda ni baƙuwa ce. Ya murza lemon tsami a kan tebur da tafin hannu don ya saki ruwa, ya yanka, ya matse ta tsakanin yatsunsa yana tare 'ya'yan. Ya jefa ƙanƙara, ya rufe kwalbar, ya naɗe ta da tawul ɗin goge kwanoni, ya shiga girgizawa. Kai ta kusa da kunne da ya tsorata Torquil kuwa, ƙanƙarar yake saurare. Idan ƙararta ta sauya daga ƙwas-ƙwas ta yi laushi, to ta farfashe, abin ya yi sanyi, sai a tsaya. Ya tace da matacin shayi a ƙananan kofunan gilashin da aka ba su ranar aure, ya fere ɓawon lemon siriri, ya murɗa a kan kowanne ya jefa ciki. Kwalbar da ya ajiye ta fita fes, ko ɗigon mamaled babu a jikinta.

Yaya, na sha abubuwa da dama a liyafar jami'a, masu dogayen sunaye da ganye a kai, ina tsaye ina sauraron mutane suna ba ni labarin littattafan da ba su gama rubutawa ba. Babu wanda ya kama ƙafar wannan. Tsami ne ke fara isowa, sai zaƙi kaɗan, sai ɗacin ɓawon ya zo daga baya ya zauna a ƙarshen harshe ya ƙi tafiya. Ban faɗa masa wadda ɗanɗanon ya tuna mini da ita ba, ina jin ke ma kin gane.

A nan ne ya ba ni asalin abin, ba tare da na tambaya ba, yana kallon kofinsa. Mama ce ta fara, a shekarar farko ta aurensu, suna ɗakin haya a Dundee. Wani ya ba su kwalbar jin ranar biki ba su san abin da za su yi da ita ba, ita kuma Mama ba ta iya jefar da kwalbar da wani abu ya maƙale a jikinta, kuma a wurinta ɗauraye ta da ruwa zubar da sukari ne da wahalar hannu. Tun daga nan duk kwalbar mamaled da ta ƙare a gidansu haka ake ƙarasa ta. Mamanmu fa, Yaya, shugabar matan coci, wadda ke riƙe ɗan kofi ɗaya tun jajibirin sabuwar shekara har baƙi su watse tana cewa ya yi mata ƙarfi. Da muka zo duniya sai suka riƙa ajiye kwalbar da ta ƙare sai Lahadi, idan sun tura mu makarantar coci. Yanzu na gane dalilin da ya sa ba su taɓa bari mu yi fashi ba ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, da kuma dalilin fara'ar da muke tararwa idan mun dawo. Ni duk shekarun nan na ɗauka tsoron Allah ne.

Washegari da yamma, da yake ni mai digiri ce kuma na ga yadda ake yi, na ɗauko sabuwar kwalba da cokali na ce bari in haɗa mana. Ya karɓe ta daga hannuna a hankali, yadda yake karɓe alli daga ɗalibin da ya ɓata allo. Ya ce, “Ba a buɗe kwalba don giya, Elspeth. Sai an ci ta da burodi ta ƙare, sannan a yi mata sallama.” Na ce masa a birni mutane cokali kawai suke tsomawa a cikakkiyar kwalba su haɗa duk sanda suka ga dama. Ya ce ai shi ya sa suke birni. Kin ga ke nan ba mashayi ba ne. Shansa daidai yake da saurin cin burodinsa, ba ya wuce haka. Na kwanta ranar da farin ciki irin na mai shari'ar da ya samu shaida, har na tsara a raina yadda zan kalli Torquil.

Ranar da ma'aikaciyar jinyar ta zo, Torquil ya iso da wuri cikin kwat ɗinsa na kotu, ya sumbace ni a kumatu kamar wanda aka tilasta, ya ce ya ga na samu lokacin barin matattun sarakunana na zo ganin rayayyen ubana. Na ce masa ni ma na yi mamakin ganin ya taho wurin da ba za a biya shi kuɗin awa ba. Baba ya ce idan mun gama gaisawa wani ya ɗora ruwan shayi. Matar, Misis Dalgleish, gajera ce mai takalman ruwa da fuskar wadda ta shiga kicin dubu irin wannan ta ga 'ya'ya dubu irinmu. Ta tambayi Baba ranar wata, ya faɗa mata, ya kuma gyara mata nata agogon da ke sauri. Ta ce ya zana fuskar agogo a takarda, ya nemi a ba shi abin zana da'ira, da aka ce babu ya zana da bakin kofi yana tsaki. Ta ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari yana komawa baya, wannan kam sai da ta roƙe shi ya tsaya. Ta tambaye shi sunan firaminista, ya ce ya sani sarai, amma ba ya son faɗarsa a ɗakin da ake ajiye abinci.

Da Torquil ya ga abin na zamewa, sai ya gyara murya ya kawo maganar kwalba, yana magana ƙasa-ƙasa kamar Baba ba ya wurin. Misis Dalgleish ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce a bikin 'yar ƙanwarta a Edinburgh an raba irin wannan haɗin, kuma kuɗin kofi ɗaya ya isa mutum ya ci abincin rana. Ta tambayi Baba ko yana sa ruwan lemon tsami, ya ce rabin ɗaya, ta gyaɗa kai ta ce hakan ya fi. Ta ce hankalinsa ya fi na mafi yawan waɗanda take aiki da su, za ta rubuta cewa zai iya zama shi kaɗai, sai dai a sa masa abin dafawa a matattakala da banɗaki. Da za ta fita ta juyo ta tambaye shi ko akwai abin da shi kansa yake so. Ya kalle ni, ya kalli Torquil, ya ce yana ganin ruwan nan zai ɗauke zuwa yamma. Ban kula ba a lokacin, hankalina na kan fuskar Torquil, wadda ta biya ni kuɗin jirgina har da riba. Ya tafi ko shayi bai ƙarasa ba, yana cewa duk ranar da aka tsinci Baba a ƙasan matattakala kada in kira shi.

Da yammar nan wata kwalbar ta ƙare, na ce ta zo a kan gaɓa, yau sai mu sha na nasara. Baba ya yi komai yadda ya saba, sai dai na lura ya fi daɗewa yana girgizawa, har bayan ƙanƙarar ta yi shiru. Ya tace, ya miƙo mini nawa, na ɗaga na ce ga gidan nan, Allah ya ƙara masa shekaru a ciki. Bai ɗaga nasa ba. Ya ce, “Ƙaninki yana da gaskiya, ta hanyar wauta ya bi ya iso ta kawai. Zan koma gidan kan tudu.”

Na ajiye kofin. Ya ci gaba da magana a natse, kamar yana warware lissafi a allo. Tun faɗuwar nan, in ji shi, ba kullum yake hawa sama ba. Dare da yawa a kujerar falo yake kwana, da asuba ya ninke bargon ya ɓoye a bayan labule. Ya daina shiga bahon wanka don ya taɓa shiga ya kusa kasa fita, sai ya tsaya a bakin famfon kicin ya goge jiki. Abin da ke hana shi barci ba mutuwa ba ce, tunanin maƙwabciya ta leƙo ta taga ta gan shi kwance a ƙasa ba wando ne. Tun kaka ya hau bas shi kaɗai ya je ya ga wurin, ya zaga, ya ɗanɗana miyarsu ya ce ba ta kai a yi ƙara ba, ya zaɓi ɗaki a ƙasa, ya sa sunansa a layi. Akwai ma wani tsohon malamin kimiyya da suka yi aiki tare a can, wanda Baba ya ce har yanzu bai iya dara ba, don haka akwai abin yi. Abu ɗaya ne ya ƙi: a ɗauke shi a matsayin tsohon da kansa ya juye, a riƙa yi masa magana da ƙarfi ana kiran sa da sunan yanka. Shi ya sa ya bari matar ta zo ta auna shi. Yana son a rubuta a takarda cewa da hankalinsa ya tafi, da ƙafarsa, a ranar da ya zaɓa.

Na tambaye shi wace rana ce ya zaɓa. Ya nuna kabad ɗin ƙarƙashin matattakala da haɓa, ya ce ranar da ya yi wa ta ƙarshe sallama. Shi ya sa yake lafta shi a burodi har sau uku a yini, shi da zaƙi bai taɓa damun sa ba. Da ya bi yadda ya saba ci, da kwalaben sun kai shi wata shekara biyu, ƙafafunsa kuwa sun gaya masa ba za su jira haka ba. Na ce to ya tafi da su can mana, ai ba a hana ba. Ya ce Mama a kicin ɗin nan ta dafa shi, a nan za a cinye shi. Na ce ya raba wa mutane. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce uwarmu ba ta tsaya kwana biyu a kan tukunya da ciwo a jikinta don Philippa ta ajiye a kabad ta nuna wa baƙi ba. Daga ƙarshe na tambaye shi abin da ya hana shi gaya mana tun tuni. Ya ce, “Ba wanda ya tambaye ni. Kun yi ta tambayar junanku.”

Na shanye kofina, na wanke kayan, na goge teburin da ba shi da datti. Na zo ne in ƙwato masa gida, ashe shi yana ta ƙoƙarin fita daga gidan cikin mutunci, cokali bayan cokali, mu kuma muna ta jan sa, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Washegari na kira Torquil na gaya masa. Na ɗauka zai yi jawabin nasara ne, sai na ji yana jan hanci. Sannan ya tambaye ni ko Baba yana da isasshen burodi. Ran Asabar ya zo da burodi har uku da sabon abin gasawa mai maɓallai da yawa, wanda Baba ya gode masa ya mayar cikin kwalinsa.

Saboda haka ba sai kin zaɓi ɓangare tsakanina da Torquil ba, kamar yadda kowannenmu ya yi ta roƙon ki a ɓoye. Mai gidan ya riga ya yanke. Na nemi ƙarin hutu daga jami'a, sun ba ni cikin saurin da ya ɗan taɓa mini zuciya, zan zauna da shi har ya gama. Mun sauko da gadonsa falo, na tare a ɗakinki na da, inda har yanzu taga ba ta rufuwa. Kowace safiya yana gasa burodi yanka huɗu, biyu nasa biyu nawa, ya tura mini kwalbar da wuƙa ba tare da ya ɗago daga jarida ba. Ni kuwa tun ina yarinya ban taɓa son mamaled ba, don Mama kawai nake haɗiyewa. Ranar farko na ce na ƙoshi, don na san duk abin da na ɗiba daga kwanakinsa na gidan nan nake ɗiba. Sai ya jawo nawa yankan ya shafa ya cinye duka huɗun a hankali, yana kora su da shayi kamar magani. Tun daga ranar nake cin rabona, kuma ina shafawa da kauri.

Abin da nake roƙo shi ne ki zo. Na san tafiyar tana da nisa, na san bayanki, na san kuɗin jirgi. Amma idan kina son ki sake ganin sa a kicin ɗin nan da tawul a hannu yana sauraron kwalba, to yanzu ne. Yadda muke ci, ni da shi, ban ga kwalaben za su wuce bikin Ista ba. Ki zo ke kaɗai idan da hali. Ina ƙaunar Hamish, amma na ga yadda yake karin kumallo, zai kore Baba daga gidansa cikin mako guda.

Ki gaishe mini da Hamish duk da haka, da ɗanki Struan da amaryarsa, da 'yarki Kirsteen, ki ce mata na ga hoton jaririn, kunnuwan gidanmu ne ba makawa, Allah ya raya shi ya ba shi haƙurin ɗaukar su. Iona na gaishe ki, Goggo Bunty na gaishe ki, ta ce ki aiko da sabon hoto ta ga yadda kika koma. Torquil ya ce zai ɗauko ki daga filin jirgi, ki shirya jin labarin cunkoson motoci. Baba na gaishe ki da kyau. Na karanta masa sakin layin da ke sama, ya ce in gyara, kada in roƙe ki, ba a roƙon mutum ya zo gidan ubansa. Ya ce in gaya miki kawai ya ware kwalba ɗaya ya sa a kan taga, ba za a buɗe ta ba sai kina zaune a teburin nan, amma ki sani shi ba zai iya jira ya wuce Ista ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
ƙanwarki,
Elspeth